Fashin baƙi kan 720,720, lambar da ba ta gardama wajen rabo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara talatin ana kiransa rabon gado a ƙauyukan da ke kewaye da Jega. Ni kuma lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi. Duk hutun da na je gaishe shi, ba ma daɗewa da gama gaisawa hira take gangarowa kan lissafi, don shi ma aikinsa ke nan, sai dai shi a zaure ya koya da tawada, ni kuma a aji da alli. A hutun da ya wuce na tafi masa da wata lamba rubuce a bayan ambulan: 720,720. Na ce, "Kawu, a ƙaddara naira ce mamaci ya bari, an riga an biya bashi, an fitar da wasiyya. Kawo duk mas'alar da ka ga dama, mu ga ko za a samu ragowa."

Ya fara da mace da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Asalin mas'alar 6 ne, amma kason miji uku, nasu huɗu, sun zama bakwai, don haka ta yi auli, wato asalin ya ƙaru, zuwa 7. Muka raba, kowane kaso ya kama 102,960. Miji ya tashi da 308,880, kowace 'yar'uwa 205,920, babu saura. Ya gyara zama ya kawo mai auli zuwa 13: miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Kaso ɗaya 55,440, miji 166,320, uwa 110,880, kowace ɗiya 221,760. Nan ma babu saura. Ya gwada 8 da 9 da 10 da 15, duk suka shiga cif. Sai ya ɗago kai ya ce, "Wagga lamba taka ba ta da gardama. Ina kas samo ta?"

Amsar da na ba shi a wurin gajera ce. Cikakkiyar ita nake son in shimfiɗa a nan, domin wannan lamba guda ta isa ta nuna wa mutum yadda masana lissafi suke duban adadi, da dalilin da ya sa suke karkasa lambobi gida-gida kamar yadda ake karkasa iri a rumbu.

Tun wajen kiran sunanta ma sai an kula. In ka ce "dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin", mai sauraro yana iya tsayawa yana tunanin ashirin ɗin farko dubbai ne ko ƙwaya. Shi ya sa ɗan kasuwa yake maimaita dubun: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Da zamanin wuri ne, lokacin da keso ɗaya yake ɗauke da wuri 20,000, da sai a ce keso 36 da wuri 720.

Kowace lamba ginanniya ce, kuma tubalan gininta su ne lambobin nan da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka har ba iyaka. Larabawa suna ce wa irinsu awwal. Ni a aji "gagara-raba" nake kiransu, kuma yara sun fi riƙe wannan sunan. Uklidis, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya kawo hujjar cewa ba su ƙarewa. Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne, kowace lamba hanya ɗaya tak take rushewa zuwa tubalanta. Ta duk inda ka fara sara, tulin tubali ɗaya za ka tarar a ƙarshe.

To mu rushe tamu. Ido ma ya ga 720 ta zo sau biyu a jere, kuma wannan ba ado ba ne. Duk lamba mai ƙwaya uku da ka rubuta sau biyu, ka ninka ta ne sau 1001, ko ka sani ko ba ka sani ba. 345,345 ita ce 345 sau 1001, haka 720,720 ita ce 720 sau 1001. Ita kuwa 1001 ba komai ba ce illa 7 sau 11 sau 13. Da wannan nake buɗe darasi wa 'yan aji huɗu: kowa ya zaɓi lambarsa mai ƙwaya uku a ɓoye, ya rubuta ta sau biyu, ya raba da 7, abin da ya fito ya raba da 11, sannan da 13. Lambar da ya ɓoye ita ke dawo masa, kuma a duk matakin ba a samun ragowa. Ita kuma 720 tana rushewa zuwa 16 sau 9 sau 5, wato 2 guda huɗu, 3 guda biyu, 5 guda ɗaya. Ginin gaba ɗaya ke nan:

720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Tubali goma, iri shida. Duk abin da zan faɗa daga nan har ƙarshe daga wannan layi yake fitowa.

Na farko, ita ce lamba mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 16 take raba ta ba ragowa. Ana ba da labari cewa an tambayi Sayyidina Aliyu (RA) adadin da yake da rabi da sulusi da rubu'i har zuwa ushuri, duk cikakku, sai ya ce a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara, wato 7 sau 360, a samu 2,520. Lissafin daidai yake: 2,520 ce ƙaramar lambar da 1 zuwa 10 duk suke shiga cikinta. In kana son 11 ma ta shiga, babu makawa sai ka ninka da 11, ka samu 27,720. Ita 12 kyauta take shigowa, don tubalanta, 2 biyu da 3 ɗaya, suna nan tun farko. 13 sabon tubali ce, sai an saye ta: 27,720 sau 13 ya ba da 360,360. 14 da 15 su ma kyauta. 16 kuwa tana buƙatar 2 guda huɗu, alhali uku ne a ginin, sai a ƙara ɗaya, a ninka da 2. Ga 720,720 ta fito. Ba wani ne ya zauna ya ƙirƙire ta don ta yi kyau a ido ba. Matakala ce aka hau, aka iske ta a hawa na sha shida.

Wannan shi ne darasin da yaranmu suke haddacewa da harufan Turanci guda uku, LCM, su ci jarrabawa, su manta. Abin yana damuna ƙwarai, domin aikin da mai rabon gado yake yi in ya ga tumuni da sudusi a mas'ala ɗaya ya ce asalinta 24 ne, shi ne wannan darasi ba ragi ba ƙari. Yaro yana jin sa a zaure da daddare, yana jin sa a aji da safe, amma ba wanda ya taɓa ce masa abu ɗaya ne.

Sai tambaya ta biyu: lambobi nawa ne suke raba ta? Ba sai an zauna ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya har dubu ɗari bakwai ba. Duk lambar da za ta raba 720,720, dole da tubalan cikinta aka gina ta. Ka ƙaddara tubalan an baza su a faifai, an ce ka ɗiba. Daga 2 kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, uku ko huɗu: zaɓi biyar. Daga 3 zaɓi uku. Daga 5 da 7 da 11 da 13, ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi bibbiyu. Ninka su: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Lambobi 240 ne suke raba ta, daga 1, wanda shi ne ka tashi hannu wofi, har zuwa ita kanta, wato ka kwashe faifan duka. Kamaluddin al-Farisi, masanin Farisa da ya rasu a farkon ƙarni na 14, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya ta fitar da dukkan masu raba lamba daga tubalanta.

Ga mai son ya ga abin da idonsa, mu je fadamar Aliero. A ce manomi yana da dashen albasa 720,720, yana son ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Masu rabon nan 240 bibbiyu suke tafiya, ɗaya yawan layi, ɗaya tsawon layi, don haka siffar fili 120 yake da zaɓi a kai. Akwai layi ɗaya miƙaƙƙe mai 720,720, akwai layi 2 masu 360,360, har a gangaro kan wadda ta fi kusa da murabba'i, layi 840 kowanne da dashe 858. Murabba'i cikakke kam ba zai samu ba, don lamba ba ta zama murabba'i sai kowane tubali nata ya zo cika, ita kuwa 5 da 7 da 11 da 13 nata duk mara ne, ɗai-ɗai suka zo.

Yanzu kwatanta ta da miliyan ɗaya, wadda kowa yake ganin girmanta. 1,000,000 tubali iri biyu kawai gare ta, 2 guda shida da 5 guda shida, masu raba ta 49. Mutum uku ba za su raba naira miliyan daidai ba, haka mutum shida, haka bakwai, haka tara. Ƙasa da ita kaɗan akwai 999,983, babbar gagara-raba a ƙasa da miliyan, wadda duk girmanta masu raba ta biyu ne. Girman lamba daban, halinta daban. Idan aka kawo buhun taki 720,720 aka ce a raba wa ƙananan hukumomin Kebbi 21, kowace za ta ɗauki 34,320. Na Zamfara 14, kowace 51,480. Jihohin Najeriya 36, kowace 20,020. Amma ka kai shi Sakkwato mai ƙananan hukumomi 23, sai buhu 15 ya yi saura, don 23 ba ta cikin tubalan. Haka in kuɗi ne, za ka biya su da takardun naira ashirin guda 36,036, amma ba za ka biya su cif da 'yan hamsin ko 'yan ɗari ba, saboda hamsin da ɗari kowace tana neman 5 guda biyu, ita kuwa ɗaya gare ta.

Daga nan ne ake fara sa ta a gidaje. Ƙananan gidajen ba sai an daɗe a kansu ba: cika ce ba mara ba, ginanniya ce ba gagara-raba ba, kuma jimlar ƙwayoyinta, 7 da 2 da 7 da 2, wato 18, tana raba ta sau 40,040. Wannan na ƙarshe ban ɗauke shi da nauyi ba, don ya dogara ne kan cewa da goma-goma muke ƙirga. Da ashirin-ashirin muke rubutawa, da zancen ya sauya. Halin da ke fitowa daga tubali shi ne ba ya sauyawa ko da wane irin rubutu aka rubuta lambar.

Babban gidanta shi ne na lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su. Ni zakarun rabo nake ce musu. Jerin yana farawa da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, kuma 720,720 ce ta 38 a cikinsa. Wadda take gabanta, 665,280, tana da 224. Ba a zarce 240 ba sai an tsallake miliyan an kai 1,081,080 mai 256. A ƙasa da miliyan akwai wasu huɗu da suka yi kunnen doki da ita, 831,600 da 942,480 da 982,800 da 997,920, amma duk ta riga su isa. Wanda ya zauna ya yi wa wannan gida nazari na sosai shi ne Srinivasa Ramanujan, ɗan Indiya da ya koyi mafi yawan lissafinsa shi kaɗai, ya tafi Kambirij a Ingila a 1914, ya buga dogon bincike a kansu a 1915, ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Ya nuna cewa zakaran rabo dole tubalansa su fara daga 2 su bi jeri ba tsallake, kuma yawan kowane tubali kada ya wuce na wanda ya gabace shi, sannan na ƙarshe ya zo sau ɗaya, in ban da a 4 da 36. Dubi tamu: huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Dalilin a fili yake in ka tuna faifan nan. Ƙaramin tubali ya fi arha. In za ka ƙara zaɓi, gara ka ƙara da 2 ko 3 da ka ɗauko 17, don lambar ba za ta kumbura da yawa ba.

Wani abu da ban lura da shi ba sai da na dawo gida na sake duba ambulan ɗin: kason nan da muka fitar a mas'alar 13, wato 55,440 da 110,880 da 166,320 da 221,760, dukansu huɗu zakarun rabo ne, suna cikin jerin Ramanujan. Na daɗe ina kallon takardar.

Mutane sun san amfanin wannan gida tun kafin a raɗa masa suna. Minti 60 a awa, awa 24 a yini da dare, digiri 360 a da'ira, dozin 12, duk 'yan gidan ne. Aflatun, masanin falsafar Girka, da yake tsara birnin da yake ganin ya fi dacewa, cewa ya yi gidajensa su zama 5,040, saboda a iya kasa jama'a kashi-kashi don haraji da yaƙi ba tare da an bar kowa a gefe ba. 5,040 tana da masu raba ta 60, kuma in ka ninka ta da 11 da 13, tamu ce take fitowa.

Akwai wani karkasawar da ya girmi na Ramanujan da nisa, kuma shi ya fi kwanta mini. Maimakon a ƙirga masu raba lamba, sai a tara su, ban da ita kanta, a ga ko jimlar ta kai ta. Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta wannan wajen shekara ta 100 miladiyya, Sabit bin Ƙurra kuma, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya mayar da littafinsa Larabci. Gida uku ne. In jimlar ta yi daidai da lambar, tammi ce, kammalalliya, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1 da 2 da 4 da 7 da 14. In ta gaza, naƙisa ce, mai giɓi, kamar 10 da nata suka tsaya a 8. In ta zarce, za'ida ce, mai rara, kamar 12 da nata suka kai 16. Kammalallu ba su da yawa ko kaɗan: 6, 28, 496, 8,128, sai a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336. Guda 52 aka sani zuwa lokacin da aka gano ta baya-bayan nan a watan Oktoban 2024, dukansu cika ne, kuma sama da shekara dubu biyu ana neman mara ko guda ɗaya, ba a samu ba, ba a kuma kawo hujjar cewa babu ba. Masu rara kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na dukkan lambobi.

Tara lambobi 240 da hannu aiki ne, amma tubali ya sake sauƙaƙa mana. Kowane iri ka tara abin da zai iya bayarwa. Na 2: 1 da 2 da 4 da 8 da 16, wato 31. Na 3: 1 da 3 da 9, wato 13. Sauran kuma kowanne da ƙarin ɗaya: 6, 8, 12, 14. Ninka su duka, 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14, ka samu 3,249,792. Cire ita kanta, saura 2,529,072. Rararta ta wuce misali: jimlar, kafin a cire ita kanta, ta ninka lambar sau huɗu da rabi da ɗan ɗoriya, alhali miliyan ko sau biyu da rabi ba ta cika ba. Babu wata lamba a ƙasa da 720,720 da ta kai wannan ninki. Kuma masu rabon nata sun jeru kusa da kusa ta yadda duk adadin da ka ambata daga 1 har 3,249,792, ana iya haɗa shi da wasu daga cikinsu ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, kamar mai awo da duwatsun sikelinsa suka cika.

Abin mamaki, maƙwabtanta ba su ɗauko komai daga wannan arziki ba. 720,721 tubali biyu ce kawai, 71 sau 10,151, masu raba ta huɗu. 720,719 kuma 31 sau 67 sau 347 ce, masu raba ta takwas. Ba haɗari ba ne. Tunda 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13 duk sun shiga tamu cif, to dole kowannensu ya bar ragowa a gidan da ke jikinta ta kowane ɓangare. Amma daga 720,722 har 720,736 babu gagara-raba ko ɗaya, don ta farko 2 tana raba ta, ta biyu 3, ta uku 4, haka har 16. Da irin wannan dabara ake nuna cewa a cikin jerin lambobi akwai fili mai kowane irin tsawo da babu gagara-raba a cikinsa.

Mu koma zauren Kawu, don labarin bai ƙare a inda na tsaya ba. Bayan ya yabi lambar, sai ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To gwada min wagga. Mutum ya bar mata da ɗiya biyu mata da uwa da uba." Ita ce malaman fara'ili suke kira Minbariyya, saboda an ruwaito cewa a kan mumbari aka yi wa Sayyidina Aliyu tambayar, ya amsa cewa tumunin matar ya koma tusu'i. Asali 24, kason matar uku, na 'ya'ya sha shida, na iyaye hurhuɗu, jimla 27. Na raba 720,720 da 27, aka samu 26,693 da ragowar 9. Kason matar ya fita lafiya, 80,080, tunda ɗaya bisa tara ne, amma na iyaye da na 'ya'ya suka ƙi. Bai bar ni na huta ba ya ƙaro wadda ake kira Ummul Aramil: mata uku, kakanni mata biyu, 'yan'uwa mata huɗu na wajen uwa, shaƙiƙai takwas. Asali 12, auli zuwa 17, mace goma sha bakwai kowace kaso ɗaya. Na raba, 5 ta yi saura. Ya ce, "Ka gani, ɗana, tana da inda ta tsaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma layin tubalan nan ya riga ya faɗe ta. 27 tana neman 3 guda uku, biyu ne a ginin. 17 kuwa babu ita sam. A cikin adadin da auli yake kaiwa, wato 7, 8, 9, 10, 13, 15, 17 da 27, waɗannan biyun ne kaɗai suka gagare ta. Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda Kawu ya bayyana matsalar da yarensa na zaure. A ilimin fara'ili, tsakanin kowane adadi biyu ɗayan nisba huɗu ce: tamasuli in sun yi daidai, tadahuli in ɗaya yana shiga ɗaya, tawafuƙi in akwai wani adadi da ke raba su duka, tabayuni in ba abin da ya haɗa su. Ya ce 24 da lambata tadahuli ne, 27 da ita tawafuƙi ne da tusu'i, 17 da ita tabayuni ne. Maganin kuma sananne ne a wurinsu: a tawafuƙi ka ninka da wafaƙi, wato 27 a raba da 9, ya ba da 3, a tabayuni kuwa ka ninka da adadin gaba ɗaya. Muka yi: 720,720 sau 3 sau 17, ya ba da 36,756,720. A Minbariyya kaso ɗaya 1,361,360, a Ummul Aramil kowace mace 2,162,160. Da na duba daga baya, ita ma 36,756,720 zakaran rabo ce, masu raba ta 640. Da ƙa'idar zaure ya hau matakalar Ramanujan, bai taɓa jin sunansa ba.

Tabayunin nan ma ana ƙirga shi. Masanin nan ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, ya bar ƙa'idar sanin lambobi nawa ne a ƙasa da wata lamba waɗanda ba abin da ya haɗa su da ita. A tamu 138,240 ne, bai kai ɗaya cikin biyar ba. Bayan 1, ta farkonsu ita ce 17 ɗin da Kawu ya kama ni da ita.

Mai karatu na iya cewa duk wannan wasa ne da ƙwaƙwalwa. Ga inda ya kai. Rarar lamba tana da iyakar da ake zaton ba ta ƙetarewa, kuma iyakar tana hawa ne a hankali ƙwarai: a ɗauki logaritim na lambar, wani lissafi ne da ke mayar da babbar lamba 'yar ƙarama, a sake ɗaukar logaritim na abin da ya fito, a ninka da wani tsayayyen adadi da ya kusa 1.781. A 1984 Bafaranshe Guy Robin ya tabbatar da cewa faɗin "babu lambar da ta wuce 5,040 da ninkin jimlarta zai kai wannan iyaka" daidai yake da hasashen da Bernhard Riemann ya yi a Jamus a 1859 kan yadda gagara-raba suke warwatse a cikin lambobi. In ɗaya ya tabbata, ɗayan ya tabbata. Hasashen Riemann har yau ba a warware shi ba, kuma tun shekara ta 2000 cibiyar Clay ta Amurka ta ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware. 5,040 ta Aflatun ita ce lamba ta ƙarshe da aka sani ta tsallake iyakar: ninkinta 3.838, iyakarta 3.817. Tamu ninkinta 4.509, iyakarta 4.634, ta matso amma ba ta taɓa ba. In har akwai lambar da za ta karya hasashen, ta farkonta daga dangin masu rara irin na 720,720 za ta fito, shi ya sa masu bincike da kwamfuta suke bin wannan dangi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ɓangaren ma na ba Kawu labarinsa, ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko Riemann ɗin ya bar almajirai. Na ce ya bar masu bin sawunsa a kowace jami'a ta duniya. Da na tashi tafiya bayan la'asar ya ce in bar masa ambulan ɗin. Ya jawo littafin da yake karantar da babin gado da shi, ya buɗe bangon ciki, ya kwafe lambobin biyu da alƙalaminsa da rubutun Larabci, ƙaramar a sama, babbar a ƙasa. Ya ce da ƙaramar zai riƙa ba almajirai misali har su saba, ranar da suka iso Minbariyya kuma ba zai faɗa musu komai ba, zai bar su su ga ragowar taran da idonsu, su nemo wafaƙin da kansu.